Kocin Tuƙa-tuƙa

Kamilu ya ce duk wanda yake son ya ci tseren babur, to ya fara sauka daga kan babur.

A ƙarƙashin mangwaron bakin kasuwar Riruwai ya yi mana wannan jawabi, yana tsaye da hular kwano a kansa, rana ta take, kuma babu babur ko ɗaya a kusa da shi. Damina guda ya yi a Abuja yana wankin mota. Ya dawo da hular nan, da waya mai tsagaggen gilashi, da sabon sunan da ya raɗa wa kansa, wai Koci. In ka kira shi Kamilu sai ya waiwaya ya ga ko da wani kake.

Ɗalibansa mu biyu ne. Ni, da na dawo daga Agadas na tarar zaman gida yana neman ya haukata ni, sai Jamilu mai shayi, wanda in ya hau babur sai ka tausaya wa tayar baya. Abin da ya haɗa mu shi ne tsoffin tsibin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari a bayan gari. Can samari suke taruwa bayan la'asar, a hau tsibi a gangaro, a yi tsalle, a sha kwana, wani ya faɗi a yi masa dariya. Wasa ne, har ranar da samarin Burumburum suka zo da wani dogo mai suna Sadiq, suka wuce mu kamar tura baburanmu muke yi. Da za su tafi Sadiq ya ce in an gama cire masara za su dawo, amma mu tanadi kujeru saboda tsofaffin cikinmu.

Maganar ta tsaya wa Kamilu a wuya. Sai dai akwai wadda ta fi ta tsaya masa. Babur ɗin da yake hawa na kawunsa ne, Kawu Sale, kuma Kawu ya riga ya faɗa cewa da kaka ta wuce zai sa a kwance injin a haɗa shi da famfon ban ruwa, ya shayar da lambun tumatirinsa a fadama.

Kamilu ya same shi a ƙofar gida cikin dattawa, ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya ce, “Kawu, wannan babur ɗin fa ba don tumatir aka yi shi ba.”

“Kai ma ba don hular kwano aka yi kanka ba, ga shi ta zauna,” in ji Kawu, yana ɓare gyaɗa.

“A yi min haƙuri zuwa ranar tsere. In na ci, babur ya zauna da injinsa, ya zama nawa. In ban ci ba, ni zan riƙe wa bakanike sifana.”

Kawu ya hura ɓawon gyaɗa daga tafinsa, ya dubi dattawan ya ce, “Kun dai ji da kunnenku.”

Abin da ya kawo jawabin ƙarƙashin mangwaro ke nan.

“Na yi bincike,” in ji Kamilu, yana kaɗa wayarsa. “Turawan nan da kuke gani suna tashi sama da babur kamar shirwa, ba a kan babur suke koyo ba. A ƙasa ake gina mahayi. Babur ƙarfe ne kawai. Jiki shi ne inji.”

Jamilu ya ce, “To in jiki ne inji, ka ba Kawu naka mana ya kai fadama.”

“Irin wannan tunanin ne ya sa Burumburum ta wuce ku.”

Nan take ya karɓe makullanmu, ya sa muka tura baburan ɗakin buhunan Kawu, ya garƙame, ya rataya makullin a wuya kamar laya.

Darasin farko sunansa tsayuwar mahayi. Za ka rage tsawo kamar mai shirin zama a kujerar da babu ita, ka tura ƙugu baya, ka buɗe gwiwar hannu, ka riƙe taɓarya a gicciye a madadin kan babur, sannan ka yi ta tafiya a haka. Kamilu ya ce dole mu riƙa yin ƙarar inji da baki don kunne ya saba. Hanyar tsibi kuwa ta tsakiyar kasuwa ta bi.

Muka shiga kasuwa a jere, Koci a gaba da hular kwano, muna ɗingishi muna kukan salansa. Masu awo suka ajiye tiya. Wani dattijo mai sayar da igiya ya taso da sauri ya tare mu cikin tausayi.

“Samari, in ciki ne, ga banɗaki can bayan masallaci.”

Mahauci ya leƙo daga rumfarsa ya ce, “Koci, ka kunna fitila mana, kar a kama ku.”

Kamilu bai kula su ba, sai ma ya canza giya da baki. Muna gab da fita kasuwar muka ji murya daga baya, irin muryar da ake ji tun daga tasha. Inna Salamatu ce, mai daddawa, tana tafe tana gyara mayafi.

“Kai Kamilu, taɓaren nawa ne suka zama babura? Tun safe kalwata take jira a turmi.”

“Inna, barka da rana. Koci ake cewa yanzu.”

“Ko ci?” Ta ƙare masa kallo. “Ko ci ko kar ka ci, ba ni taɓarena.”

Ta fisge su ɗaya bayan ɗaya, ta bar mu a tsugunne hannu a buɗe muna riƙe da iska. Jamilu ya tambaya ko ya kashe injin ko ya bar shi a silo.

Washegari Kamilu ya zo da fuskar wanda ya tsinci abu. Ya ja mu bayan teburin shayi, ya duba hagu da dama, ya kunna wani bidiyo. Wani Bature ne cikin rigar tsere, yana nuna sangalin hannunsa, yana matsa shi, yana ɓata rai, yana ta maimaita wata kalma: am fam, am fam.

Ni Turancin da na tsinto a Agadas na Faransa ne, shi ma na tambayar hanya. Na Jamilu kuwa a jikin gwangwanin madara ya tsaya. Muka zuba wa Koci ido.

“Am, hannu ke nan,” ya ce a hankali, yana ɗaga yatsa. “Fam kuwa, ko ɗan goye ya san famfo ne. Hannu da famfo. Ku dubi yadda yake tamke fuska in ya faɗa, wato abin ba na wasa ba ne. Sirrin nasu ke nan.”

Na ce, “Koci, a ƙasarsu akwai tuƙa-tuƙa kuwa?”

“Mu wa ya kawo mana shi?”

Na gyaɗa kai. Jamilu ma ya gyaɗa.

Famfon tuƙa-tuƙan unguwarmu yana daidai ƙofar gidan Inna Salamatu, kuma kowa ya san taurinsa. 'Yan mata sai sun rataya su biyu a jikin hannunsa kafin ya tofo ruwa. Da hantsi muka isa, Koci ya busa usur, na kama ƙarfen na fara sama da ƙasa, ruwa yana zuba a banza yana bin lambatu. Inna ta fito ta tsaya, hannu a ƙugu.

“Yau kuma wane irin babur ne wannan?”

“Horo ne, Inna.”

“Ruwan fa?”

“Ruwan ba shi ne manufa ba.”

“Au. To tsaya in kawo abin da zan tari wanda ba manufa ba.”

Ta shiga ta fito da bokiti. Ta koma ta fito da tulu. Ta aika maƙwabta. Kafin azahar duk randar da ke unguwar ta cika, har an fara wanke tabarmi da ba su yi datti ba.

Labari ya bazu cewa Allah ya kawo wa Riruwai samari masu tuƙa famfo kyauta, kuma in ka yi musu godiya ma ɓata rai suke yi. Layin jarkoki ya miƙe har ya sha kwanar masallaci. 'Yan garuwa suka riƙa jera kurarsu, su koma inuwa suna shan rake, mu cika musu, su tura su tafi. Mai buga bulo ya dawo da aikinsa kusa da mu. Ran nan muna cikin yi sai ga Ukasha, Bafillatanin rugar bayan dutse, sanda a kafaɗa, shanu a bayansa.

“Jam na, Koci? An ce a nan ake ba da ruwa don lada.”

“Ba lada ba ne, kimiyya ce.”

“To, ko ma mece ce, shanuna ba sa zaɓe.”

Da farko Kamilu usur kawai yake busawa, yana zagaya mu yana gyara mana tsayuwa. Inna ta fito da turmi ta kife ta zauna, ta zama ita ce mai kula da aiki.

“Jamilu, ruwan ya sirance, ƙara giya.” Sai ta juya wajen 'yan matan da ke layi, ta ce da muryar da take ganin ta rage, “Shi Kocin ba ya tuƙawa. Ina jin hannun nasa na ado ne.”

'Yan mata suka rufe baki da mayafi. Kamilu ya cire usur ya miƙa min, ya naɗe hannun riga, ya ture Jamilu. Daga ranar ya fi mu tuƙi nesa ba kusa ba. In muka gaji muka zube, shi yana nan yana sama da ƙasa, hular kwano tana rawa, gumi yana bin haɓa. Duk dariyar da ya ji daga layi, yabo yake ɗaukarta.

Ba a jima ba horo ya fara nunawa. Hannayenmu daga gwiwa zuwa wuyan hannu suka kumbura suka yi tauri. Jamilu ya ɗaga kofi zai yi ɗurin shayin nan nasa na sama, ya juye shi a kan takalmin mai saye. Ni na kasa murza loma, sai da aka ba ni cokali a gidanmu kamar baƙon birni. Kamilu kuwa yatsunsa suka kasa ɓalle igiyar hular kwano, duk lokacin alwala sai ya nemi mai cire masa.

Shi murna yake yi.

“Taɓa ka ji,” ya ce da ni, yana miƙo hannu. “Kamar icen kirya. Daidai da na Baturen.”

“Koci, yatsuna fa ba sa buɗuwa.”

“Mahayi na ƙwarai ba ya sakin babur.”

Jamilu ya roƙi a buɗe ɗakin buhuna mu ɗan zagaya ko sau ɗaya, don kar mu manta ta inda ake hawa. Kamilu ya dafa makullin wuyansa ya ce babur da aka bari da yunwar mahayi ya fi gudu. Har ranar tseren ma sai da ya kai mu famfo muka tuƙa tun hantsi, wai don hannu ya ɗauki zafi.

Bayan la'asar bayan gari ya cika. Mutane sun zo daga Doguwa da Tudun Wada, an hau kan tsibi an zauna, masu rake da masu awara sun baje. Kawu Sale ya zo da bakanike, kan sifana yana leƙe daga aljihun bakaniken. Muhsina ma, ƙanwar Kamilu, ta iso ranar daga Bebeji inda take karatun aikin lafiya. Kamilu ya miƙa mata wayarsa da hannu biyu, don ɗaya ba zai iya riƙe ta ba.

“Ki ɗauke ni tun daga farko. Nan gaba za a nema.”

Sadiq na Burumburum ya ƙaraso ya yi sallama ya miƙo hannu. Kamilu ya yi ta ƙoƙarin buɗe nasa, ya gaza, sai ya miƙa masa dunƙule.

Sadiq ya ja da baya. “Au, dambe aka koma? Ba a faɗa mana ba.”

Hanyar tseren ba ta da wuyar ganewa. A hau babban tsibi a gangaro, a miƙe, a sha kwanar hagu daidai bakin wani tsohon ramin kuza da ruwan damina ya kwanta a ciki, sannan a dawo inda aka tashi. Ni da Jamilu muka taru muka buɗe wa Koci yatsu da ƙyar muka ɗora su a kan totur, sannan kowa ya lallaɓa ya hau nasa. Aka saki hankici.

Jamilu ya nemi kuloci, yatsu suka ƙi zuwa. Babur ya yi tsalle ɗaya ya mutu. Ya sauke ƙafa ya ce da na kusa da shi, “Ni na iso.”

Ni na kai saman tsibi. A nan hannuna ya zame, babur ya zaɓi hanyarsa na zaɓi tawa. Na zauna a ƙasa, na ga ashe babu wanda ya kai ni samun wurin kallo.

Kamilu kuwa ya murɗe totur har ƙarshe ya fita kamar an harbo shi. Ya wuce Sadiq tun a gindin tsibi. A saman ya tashi sama, tayoyi biyu a iska, ya dira bai ko girgiza ba. Riruwai ta ɗauki ihu. Mahauci ya jefa hularsa sama. Na hango Kawu Sale ya miƙe tsaye, bakanike kuma yana tura sifana can cikin aljihu.

Sai ga kwana.

Daga inda nake ina ganin yatsun Kamilu suna neman birki, suna motsi kaɗan-kaɗan kamar ƙafar kaguwa, ba su kai ba. Wuyan hannu ya ƙi mayar da totur. Ya kai ƙafa zai taka birkin baya, amma mutumin da ya daɗe rabonsa da babur, sai ya taka ɗaya ɓangaren ya ƙara giya.

“A ba ni hanya,” ya faɗa da ƙarfi.

Babu kowa a gabansa sai ramin, kuma ramin bai matsa ba.

Ruwa ya tashi sama ya dawo. Kwaɗi suka watse. Da abin ya lafa sai ga hular kwano da kafaɗu a tsakiyar taɓo, Koci yana zaune daram a kan babur, gwiwar hannu a buɗe, tsayuwar mahayi ba ta ɓaci ko kaɗan ba. Sadiq ya zo ya rage gudu, ya sha kwanarsa a natse, ya ɗaga masa hannu ya ce, “Sannu da wanka,” ya wuce ya ci tsere.

Da igiyar shanun Ukasha aka jawo shi, shi da babur a haɗe, don an yi an yi ya saki ya kasa. Da ya iso gaɓa jama'a suka kewaye shi. Aka cire masa hular, ya tofar da ruwa, ya dubi kowa.

“Gudun dai kun gani. Kwanar ce aka sa a inda bai dace ba.”

A gefe guda Muhsina ta daina ɗauka tuntuni. Ta ci karo da bidiyon Baturen a wayar, ta kara a kunne, kafaɗunta suna rawa a cikin hijabi. Inna Salamatu ta matsa ta tambaye ta lafiya. Muhsina ta raɗa mata wani abu.

“Maimaita, 'yar nan.”

Ta maimaita. Inna ta gyara mayafi ta juyo wajen taro. Ba ta taɓa buƙatar lasifika ba.

“Jama'a, ku ji abin da Baturen Kamilu yake faɗa. Am fam ɗin nan ashe ciwo ne. Hannun mahayi ne yake kumbura ya sandare, ya kasa kama birki. Bawan Allah yana ta ɓata rai yana cewa a guje shi, mu kuma namu ya kwashi samari ya kai su su samo shi a ƙofar gidana.”

Dariya ta tashi daga bakin rami ta hau har saman tsibi. Dattijo mai igiya sai da aka riƙe shi.

“Yaya,” in ji Muhsina tana share ido, “har cewa ya yi kar a gajiyar da hannu kafin tsere.”

“Turancin makaranta daban, na Abuja daban,” in ji Kamilu.

“Ni dai Allah ya saka wa Baturen nan da alheri,” in ji Inna. “Tun da aka haƙa famfon nan randunana ba su taɓa ganin gata irin na bana ba.”

Kawu Sale bai yi dariya ba. Ya zagaya babur ɗin da ke ɗigar taɓo, bakanike yana biye da shi, sifana a hannu. Kamilu ya bi bayansu. Idonsa na kan injin.

Sai Kawu ya kamo hannun Kamilu, ya latsa sangalin, ya juya shi, ya ƙara latsawa, kamar mai taya bijimi a kasuwar shanu.

“Bakanike, mayar da sifanarka.”

Fuskar Kamilu ta washe. “Kawu, na san za ka gane.”

“Na gane. Inji yana shan fetur, yana cin fulogi, yana lalacewa ranar da aka fi buƙatarsa. A bakin rafin lambuna kuwa akwai jigon babana.”

Samarin Burumburum suka tambaya mene ne jigo. Dattijo mai igiya ya kwatanta musu da sandar Ukasha: dogon itace a kan gwafa, guga a baki, curin laka a gindi, ka danna ƙasa ya ɗebo, ka saki ya tashi ka juye a kwari. Sama da ƙasa, sama da ƙasa, tun safe.

“Tun da tsoho ya rasu na rasa mai hannun jansa,” in ji Kawu, har yanzu yana riƙe da na Kamilu. “To ka zaɓa. Ko inji ya ja ruwa, ko kai ka ja. Muddin kana ja, inji yana cikin babur.”

“Babur ɗin ya zama nawa ke nan?”

“Ka ci tsere?”

Kamilu ya dubi babur. Ya sa dunƙulen hannunsa ya share taɓon da ke kan tanki, a hankali. Sannan ya ɗago ya gyara murya.

“Jigo ai shi ne mataki na gaba a horon. Dama ina shirin sanar da ku.”

Da kumburin hannayenmu ya sace, ni da Jamilu muka bi ta fadama wata safiya don mu gaishe shi. Tumatir ya yi kore shar. Babur yana jingine a inuwar giginya, an wanke shi tas, injinsa a jikinsa. Koci yana bakin rafi da hular kwano, yana danna jigo yana saki, ruwa yana bin kwari.

Da ya hango mu ya yi murmushi. “Kun zo a daidai. Na gano wannan yana gina baya da kafaɗa. Akwai wuri, wa zai fara?”

Na juya in ji ta bakin Jamilu, na ga babu shi. Ya tsallake kwari, ya tsallake shinge, ya hau titi, har ya fara cim ma wani ɗan acaɓa da ya ɗauko buhu.

Kamilu ya tsaya da jigo a hannu yana kallonsa har ya ɓace, yana gyaɗa kai cikin gamsuwa.

“Ka gani ko?” ya ce. “Wa ya gina masa wannan ƙafar?”